Zare Biyu a Jikin Ƙyaure

Kusurwa uku na ƙyauren sun kwanta a jikin firam lafiya lau, ta huɗun ce ta ƙi. Ta ƙasa ce, ɓangaren sakata. Ta tsaya a waje da kamar faɗin yatsa biyu, iska na shigowa ta wurin tana taɓa idon sawun Kafinta. Ya danna ta da gwiwa ta shige, sai ta sama ta ɓallo. Ya danna ta sama da tafin hannu, ta ƙasa ta koma inda take.

Mutum uku ne a bayansa cikin falon da ko fenti bai gama bushewa ba. Akwai surukinsa mai gidan, mijin autarsa, wanda ya roƙi izinin awa biyu a wurin aiki don ya ga an kafa ƙyauren. Akwai mai fenti, riƙe da burushi. Sai Bahago magini, wanda ya ɗora ginin tun daga tushe, yana tsugune yana wanke cokalin gininsa a bokiti.

Shekara arba'in da biyu Kafinta ya yi yana aikin katako. Tun yana da baƙin gashi mutane suka daina kiran sunansa, sai dai Gwani. Ƙyauren nan kuwa ba na ciniki ba ne, kyautarsa ce ga Auta a gidanta na farko da ba na haya ba. Sati uku ya yi a kansa, ya ture aikin kowa gefe. Da kansa ya zaɓi katakon, da kansa ya goge shi da sanfefa har ya zama in ka shafa kamar ka shafa kumatun jariri.

Surukin ya yi gyaran murya. Cikin ladabin da bai taɓa sakewa ba a gaban uban matarsa, ya tambaya ko katakon ne bai gama bushewa ba.

Tambayar ce ta ɗebe shi. Da surukin ya yi shiru, wataƙila da Kafinta ya ce a kwance ƙyauren ya koma da shi shago ya duba. Amma an taɓa katakonsa, kuma a gaban mai fenti. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya juya wajen bokitin.

"Bahago, wa ya kafa firam ɗin nan?"

"Ni na kafa."

"To a karkace ka kafa shi."

Shekara talatin ke nan suna bin gidaje tare, wannan ya ɗora bulo, wancan ya biyo da katako. Wasan da ke tsakaninsu kowa ya san shi. Kafinta ya ce hannun hagu bai taɓa yin abu miƙaƙƙe ba, Bahago ya ce kafinta da gara uwarsu ɗaya, duk cin katako suka iya. A yi dariya, a raba shayi a kofi ɗaya. Ranar nan ma maganar da aka saba ce ta fito daga bakin Kafinta, sai dai babu dariya a bayanta.

"Dama na sha faɗa, hannun hagu bai taɓa yin abu miƙaƙƙe ba. Shekara talatin ina bin bayanka ina gyara ɓarnarka, ina rufa maka asiri. Yau ka kawo min ita har gidan 'yata."

Mai fenti ya ga abin da zai gyara a bango, ya juya musu baya. Bahago ya tashi ya share hannu a wando. Ya zaro zaren awonsa mai ƙarfe a baki, ya rataya a gefen firam na dama, ya jira ƙarfen ya daina lilo, ya duba. Ya koma gefen hagu ya yi haka. Sannan ya rataya zaren a gefen ƙyauren kansa, ya daɗe yana kallo. Ya dubi Kafinta, ya dubi surukin da ya sunkuyar da kai, ya naɗe zarensa ya sa a aljihu.

"To, Gwani," in ji shi. "Zan gyara."

Bayan kwana biyu ƙyauren ya rufu ruf, ko takarda ba ta wucewa. Kafinta ya je ya buɗe ya rufe sau uku, ya ji sakata ta faɗa raminta ba gardama, ya ce wa surukinsa, "Ka gani ko?" Surukin ya gani. Sauran aikin da ya rage, katangar gida da ɗakin baƙi, sai ya ba wani magini daban. Bai yi wa Bahago faɗa ba, cewa kawai ya yi za a dakata tukuna. Bayan sati Bahago ya wuce ta layin ya ga ana ɗora bulo.

Akwai benci a ƙofar shagon mai siminti, inda masu aikin hannu ke taruwa da safe kafin kowa ya kama gabansa. Nan masu gini ke zuwa su tambayi wa ya iya aiki, wa za a kauce wa. A kan bencin nan Kafinta ya ba da labarin firam. Ya bayar ranar Talata, aka sake tambayarsa ranar Alhamis ya maimaita. Kafin wata ya ƙare yatsa biyu sun zama tafin hannu, wasu ma na cewa kyanwa ta shiga ta wurin. Bahago ya daina zuwa bencin. Da aka tambayi Kafinta ina abokinsa, ya ce ai kunya ce ta ɓoye shi.

Akwai abin da bai faɗa wa bencin ba, bai faɗa wa matarsa ba, shi kansa ma bai cika yarda ya faɗa wa kansa ba. Fiye da shekara ke nan duniya ta fara yi masa hayaƙi-hayaƙi. Da fari alamun da ke jikin tef ɗin awo ne suka haɗe da juna. Daga baya ya zama in ya kashe ido ɗaya ya leƙa gefen katako, kamar yadda ya saba gane murɗaɗɗe daga miƙaƙƙe, ƙarshen katakon sai ya narke cikin haske. Ya sayi tabarau a tebur, bai yi komai ba. Sai ya koma aiki da yatsu, yana gane mutane da murya da irin tafiyarsu, yana riga kowa gaisuwa don kada a kama shi.

Ranar da ya haɗa ƙyauren Auta ya yi niyyar gwada shi yadda ya saba. Yana da 'yan guntayen katako huɗu masu kauri ɗaya, kowanne da ƙusa a tsakiya. Akan kafa ɗaya a kowace kusurwa, a ja zare daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, a ja na biyu ya gitta na farko. Ya ja, ya taɓa tsakiya, ya ji zaren biyu a manne. Saura a juya su, na sama ya koma ƙasa, don in ɗaya na danne ɗaya ne kawai, juyin zai tona. Yana cikin kwancewa guntu ɗaya ya suɓuce ya faɗa cikin tarin ɓawon katako. Ya durƙusa yana lalube. Telan da ke maƙwabtaka da shi yana zaune a bakin ƙofa yana shan iska, kalma ɗaya ta isa ya zo ya ɗauko masa. Amma me zai ce? Ga abu a gabana ba na ganin sa? Ya tashi ya kakkaɓe hannu, ya ce a ransa shekara arba'in bai taɓa juya zare ya ga ya buɗe ba. Bayan kwana huɗu matarsa ta kawo masa abinci, ta taka guntun, ta ɗauka ta aje masa a kan teburin aiki.

Wata biyu da tarewar Auta, wata Asabar da hantsi, sai ga ta a shago. Ya gane ta tun daga ƙarar takalminta. Malamar lissafi ce a sakandaren 'yan mata, kuma a cikin 'ya'yansa shida ita kaɗai ce ta taɓa son zaman shago. Tana ƙarama takan zauna ƙarƙashin tebur tana jera guntaye tana ƙirgawa.

Ta gaishe shi, ta share kan wani akwati ta zauna, ta ce darasin wannan satin ya gagari 'yan ajinta. Ta rubuta musu a allo cewa ɗigo uku, muddin ba a kan miƙaƙƙen layi ɗaya suka jeru ba, shimfiɗa ɗaya tak ce ke iya ɗaukar su duka. Layi biyu kuma da suka gitta juna suka haɗu a ɗigo ɗaya, su ma a kan shimfiɗa ɗaya suke kwance. Yaran sun kwafa, sun haddace. Amma da ta tambaye su me ya sa kujera mai ƙafa uku ba ta rawa ko a ƙasa mai gargada, mai ƙafa huɗu kuwa takan yi, sai suka zuba mata ido kamar ta yi wani yare.

Kafinta ya yi dariya. Ya ce ai wannan ba sai an je makaranta ba, kusurwa uku ko yaya ka aje su za su daidaita, ta huɗun ake tuhuma.

"Shi ne na tuna da zarenka, Baba," in ji ta. "In zaren biyu sun haɗu a tsakiya, layi biyu ne suka gitta, ka ga kusurwa huɗun na kan shimfiɗa ɗaya. In ba su haɗu ba, ɗaya ta fita. Ara min guntayenka. So nake in ɗauki hoton gwajin a jikin ƙyaurena, in nuna musu, in ce babana ne ya yi shi, kuma ya san wannan darasin tun kafin a haife ni."

Daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa hannunsa. Ya ce ba aro ba, da kansa zai je ya ja mata zaren, don mata ba su iya ɗaure zare ya yi tsauri ba. Ta ce to, za a gani.

Mijinta ba ya nan, ya tafi aiki. Suka rufe ƙyauren suka tsaya daga cikin falo. Ta hau kujera ta kafa guntayen sama, shi ya kafa na ƙasa. Ta ja zaren farko, ta ja na biyu a kansa, ta ɗaure tam. Ta leƙa tsakiya ta ce sun haɗu, ta ja baya ta ɗaga waya.

"Tsaya," in ji shi. "Rabin gwaji ke nan. Juya su, na sama ya koma ƙasa. In za ki koya wa yara, ki koya musu cikakke."

Bakinsa ne ya faɗa, don haka ya saba faɗa wa duk wanda ya taɓa koyon aiki a hannunsa. Sai da maganar ta fita ya tuna da tarin ɓawon katako.

Ta kwance, ta zura zaren ta ƙarƙashin ɗan'uwansa, ta sake ɗaurewa. Ya jira ta ce sun haɗu. Yana jin numfashinta, yana jin wata mota na wucewa a layi. A gabansa ƙyauren ne kawai, ja-ja, babu zare ko ɗaya a ganinsa.

"Sun haɗu?" ya tambaya.

"Baba, ƙila ni ce ban ja sosai ba."

Ya miƙa hannu yana shafa katakon har ya sami zaren farko. Ya kaɗa shi da farce, ya yi ƙara kamar tsirkiya, a miƙe yake tsam. Ya bi shi zuwa tsakiya. A inda ya kamata ya ji na biyun manne da shi, yatsansa ya shige tsakaninsu gaba ɗaya, har da sauran wuri.

Ba sai malamar lissafi ta faɗa masa ba. In yatsa ɗaya ya shiga a tsakiya, kusurwa ɗaya ta kauce da yatsa biyu. Daidai abin da ya gani ranar kafi, kafin bakinsa ya mayar da shi tafin hannu.

Ya durƙusa a gindin firam, ɓangaren sakata, ya sa tafin hannu a bango yana shafawa daga sama zuwa ƙasa. A sama firam da bango kansu ɗaya. Yana yin ƙasa sai ya ji bangon na tasowa a hankali, kaɗan-kaɗan, yadda ido ba zai taɓa kamawa ba. An fasa simintin, an turo ƙafar firam waje har ta tarar da ƙyauren a inda ya tsaya, sannan an bi da filasta an baje tudun a faɗin taku biyu don kada inuwa ta nuna. Kafinta ya san aiki in ya taɓa shi. Wanda zai gina karkatacce ya sa shi ya yi kama da miƙaƙƙe, ba ƙaramin magini ba ne.

Ya tambaye ta wa ya taya Bahago gyaran. Ta ce mijinta ya ce shi kaɗai ya yi, kwana biyu, ya rufe ƙofa ya hana kowa shiga, har mai fenti.

Bai tashi daga durƙuson ba. Ya tuna yadda Bahago ya daɗe yana kallon zaren awo a gefen ƙyauren, da yadda ya dubi surukin kafin ya naɗe shi. Ya tuna muryarsa shi kansa a kan benci, yana kwaikwayon yadda ake riƙe cokali da hagu ana dariya.

Auta ta sauke guntayen ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ba komai, teburin aji ma zai yi mata, dama yana rawa. Ta naɗe zaren a yatsunta, ta tsaya a kansa.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Tazarar nan daga bakin kicin ana ganin ta. Kai kuwa tambayata ka yi."

Da wani ne ya tambaya da ya yi faɗa. Ya ce ya ɗan fi shekara. Ta tsuguna kusa da shi, ta ɗaga haɓarsa kamar ita ce babba, ta juya fuskarsa wajen taga. Ta ce yanar ido ce, ana cire ta, uwar wata malama a makarantarsu an yi mata kuma tana zura allura yanzu. Ta ce ranar Litinin za ta karɓo masa kati a asibitin ido. Ya ce to. Ba idon ne ke damun sa a lokacin ba.

Sai da ya tambayi mutum uku kafin ya sami inda Bahago ke aiki. A bayan wani shagon sayar da taya ne, yana gyara bakin kwata da ya rufta, aikin da a da ko almajiran aikinsa ba ya turawa. Rana ta take. Kafinta ya gane shi da ƙarar cokalinsa, yana kwasar siminti sau biyu gajeru sau ɗaya dogo. Ya yi sallama. Cokalin ya tsaya, aka amsa, ya ci gaba.

Ya tsaya a bakin kwatar, hularsa a hannu. Duk abin da ya shirya a hanya ya gudu.

"Na ja zare a ƙyauren," in ji shi.

"Ka juya su?"

"Na juya."

Bahago ya kwaso siminti ya danna a tsaga, ya shafe. Ya ce ya yi zaton sai damina ta zo katakon ya ƙara motsi sannan za a gane.

Kafinta ya tambaye shi me ya sa bai faɗa ba a ranar, ga zaren awo a hannunsa, ga shaidu.

"In faɗa a gaban wa? Mijin 'yarka na tsaye. Kyauta ce ka yi wa yarinya, in ce masa uban matarka ya kawo maka murɗaɗɗen ƙyaure? Da wane ido za ka ƙara shiga gidan?" Ya goge gumi da bayan hannu. "Kuma na san idonka. Tun bara na sani. Ranar da muke gidan likitan nan ka yi wa buhunan siminti sannu da aiki, ka ɗauka ni ne a tsugune. Ina bayanka. Na yi tari na zagayo ta gaba na amsa."

Kafinta ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ce ya zo ne ya ba shi haƙuri.

Bahago ya aje cokalin a kan kwano. Ya ce firam ba komai ba ne, kwana biyu ne da rabin buhu. Katangar ma ya haƙura, duk da ya so ya gama gidan da ya fara. Ya ce ya ɗauka maganar za ta mutu a falon, tsakanin mutum huɗu.

"Sai na ji ta a wurin mai siminti. Sai na ji ta a bakin matata, ta jiyo a wurin ɗiban ruwa. Gida biyu aka karɓe min a wata ɗaya. Wannan ban yi maka lissafinsa ba, Gwani. Ni na ɗauki kayan da kaina, amma ban zaci za ka hau kai ka zauna ba." Ya dubi hannunsa na hagu. "Maganar hannun hagu kuma, shekara talatin ina dariyarta. Ban san da gaske kake ba."

"Ba da gaske nake ba."

"To. Ranar dai da gaske ta fito."

Ya ɗauki cokalinsa. Ya ce simintin na bushewa, kuma Kafinta ya matsa daga bakin nan, bulon da yake takawa bai kama ba tukuna. Kafinta ya ja da baya. Da zai tafi, Bahago ya ce masa ba tare da ya ɗago ba ya bi ta dama, akwai rami a hagu.

Da yamma ya kira surukinsa a waya ya faɗa masa komai. Surukin ya rikice kamar shi ya yi laifin. Ya yi ta cewa ba komai Baba, ƙyaure ai yana rufuwa, a bar maganar. Kafinta ya ce ba za a bar ta ba. Surukin ya ce katanga dai an riga an gama, ɗakin baƙi ma saura rufi, amma zai je ya sami Bahago. Kafinta ya kashe wayar ya zauna a tsakar gida. Matarsa ta aje masa abinci, ta dawo ta tarar bai buɗe ba. Ya faɗa mata ita ma. Ta ce idon ta daɗe da sani, ita ce ke matsar masa da takalmi bakin ƙofa kullum don kada ya yi ta nema. Maganar Bahago ce ba ta sani ba. Ta ɗauke kwanon ta shiga ɗaki.

Litinin da safe ya riga kowa zuwa bencin mai siminti. Ya jira aka taru. Ga mai walda, ga mai wayarin wuta, ga maginai biyu, ga wani ma'aikacin banki da ya ba shi aikin kabad ɗin kicin ya zo sayen siminti, da wata hajiya mai gina shaguna da ke tsaye tana jiran a loda mata. Da hira ta lafa ya miƙe tsaye, abin da ba a saba yi a bencin ba.

Ya ce labarin da ya ba su na firam ƙarya ne. Firam ɗin Bahago a miƙe yake, ƙyaurensa ne murɗaɗɗe. Bahago ya gane tun a ranar, ya fasa aikinsa mai kyau ya karkatar da shi don ya rufa masa asiri. Ya ce duk wanda ya ji na farkon a bakinsa, ya taimaka ya kai na biyun inda ya kai wancan.

Sai mai walda ya girgiza kai ya ce kun ga halin girma. Ya ce mutum ya ga abokinsa ya rasa aiki, ya zo ya ɗauki laifi ya aza wa kansa, irin su Gwani sun ƙare a duniya. Ɗaya daga cikin maginan ya ce wallahi kuwa, ƙyauren Gwani ya murɗe, a gaya wa wanda bai san shi ba. Ma'aikacin banki ya ce shi ya sa bai kai aikinsa wurin kowa ba. Suna ta yabonsa, yana tsaye, kowace kalma kamar ana watsa masa ruwan zafi.

Ya ce ba su gane ba. Ya ce idonsa ne ya mutu, ya fi shekara ba ya ganin layin awo, da lalube yake aiki.

Suka yi dariya. Mai siminti, daga bayan kanta, taku biyar tsakaninsu, ya ce yau kuma wasan makafi Gwani ya zo da shi. Ya ɗaga hannu sama.

"To Gwani, yatsu nawa ke nan?"

Kafinta ya juya wajen muryar. Ya ga farin riga, ya ga wani abu mai duhu a sama da ita yana motsi. Zai iya cewa uku, mutane sun fi ɗaga uku. In ya dace a yi dariya, in ya kuskure a ce wasa yake, ko ta yaya ya koma shago da sunansa.

"Ban sani ba," in ji shi. "Ko hannun ma sai da ka motsa shi na san ka ɗaga."

Dariyar ta ɗauke ɗaya bayan ɗaya. Ya ji mai siminti ya sauke hannun a kan kanta. Ma'aikacin banki ya yi tari, ya ce dama maganar kabad ɗin nan ba ta gaggawa ba ce, za su yi waya. Kafinta ya ce to. Ya laluba bayansa ya sami bencin ya zauna, aka matsa masa fiye da yadda yake bukata.

Masu lodi suka ci gaba da jefa buhuna a mota. Can hajiyar ta matso wajen kanta, ta rage murya, amma ya ji ta. Tambayar mai siminti take ko yana da lambar maginin nan da ake magana.